Sana'ar Kwana-kwana a Ƙasar Maraɗi: Daga Cika Tanki Zuwa Naɗe Tiyo

Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta taso daga Yamai ta yi gabas, ta ratsa Gidan Rumji, ta gifta ta bakin Maraɗi, ta shiga Agye da Gazawa, sannan ta miƙe Tasawa da Damagaram. Tun da aka buɗe matatar man Soraz a ƙarshen 2011, tankokin mai ba su daina bin wannan kwalta ba, dare da rana, kowace da dubban litoci a cikinta. A gefen hanyar kuwa ga 'yan bumburutu da kwalabensu jere a kan tebur, ga mai shayi da murhunsa, ga mai tsire, ga harawa da kara jibge a kan rufin ɗaki, ga rumbuna can bayan gari cike da damman gero. Da zarar hunturu ya kama, iska ta taso da ƙura, duk abin da na lissafa ya zama makamashi. Akwai mutanen da aikinsu shi ne zaman jiran ranar da ɗaya daga cikin waɗannan zai kama. Su ne 'yan kwana-kwana, waɗanda a Nijar ake kuma ce wa pompiye.

Sana'a ce da ba ta da rumfa a kasuwa, ba a taya ta, balle a ce albarka. A Nijar masu yin ta sojoji ne, da kakinsu da muƙamansu da faretinsu, an dai ware su ne domin ceto, suna aiki tare da hukumar kare fararen hula. Tsarin Faransa aka gada: a Faris ma soja ke kashe gobara tun 1811, lokacin da Napoleon ya mayar da aikin hannunsu bayan wata wuta da ta tashi ana tsakiyar liyafa a gidan jakadan Ostiriya. A Najeriya kuwa ma'aikatan gwamnati ne farar hula, akwai hukumar tarayya, kowace jiha kuma da tata. Lambar kiransu a Nijar 18 ce, kuma ba a biyan ko dala.

Kafin a ba saurayi tiyo ya riƙe, sai an fara mayar da shi soja: gudu, fareti, bin umarni ba gardama. Bayan nan ake koya masa sana'ar kanta. Hawan igiya da hannu zalla, kafa tsani da hawansa ɗauke da kaya, ƙulle-ƙullen igiya iri-iri, ninƙaya, warware tiyo a guje ba tare da ya harɗe ba, da haɗa bakinsa da na wani cikin duhu. Sai taimakon gaggawa, wanda shi ya fi yawa a aikin yau da kullum: tsayar da jini, ɗaure karaya, danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, da ɗaga wanda ake zaton ya karye a wuya ko a gadon baya ba tare da an ƙarasa shi ba. Hafsoshi kan fita ƙaro ilimi, har da wata makarantar kare fararen hula da ke Wagadugu, inda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci ke tura mutanensu.

Karatun farko shi ne sanin halin wuta. Abu uku ke raya ta: abin da za ta ci, iska, da zafi. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa zafi yake ɗaukewa, shi ya sa yake maganin wutar kara, itace, katifa, buhuna da tufafi. Wutar fetur kuwa ruwa ƙara mata tafiya yake yi, don mai ya fi ruwa sauƙin nauyi, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. Ita kumfa ake shimfiɗa mata. Wani ruwan magani ne ake gaurayawa da ruwa, kashi 3 ko 6 cikin ɗari, a busa masa iska a bakin tiyo, ya fito ya lulluɓe fuskar man ya hana shi numfashi. Inda akwai waya mai wuta ba a watsa ruwa sai an yanke layi. Idan tukunyar gas ce ta kama a baki, a rufe kanta idan hannu zai kai. Idan wuta ce ke gasa ta daga waje, a yi ta sanyaya ta daga nesa, a kori jama'a. Akwai kuma darasin da ya kamata kowace mai tuyar ƙosai ta sani: idan mai ya kama a kasko, murfi ake kifa masa. Lita ɗaya ta ruwa, in ta koma tururi, tana cika wurin lita kusan 1,700, kuma wannan kumburin na farat ɗaya shi ke watsa mai mai ci a fuska da zane.

To, kayan aikin wannan sana'a na asali ruwa ne, kuma a nan ne wahalarta take a ƙasarmu. Motar kashe gobara irin wadda aka saba gani tana ɗaukar abin da bai fi lita 3,000 ba ko kusa da haka. Jarka mai lita 25 guda 120 ke nan, abin da amalanken shanu za su kwaso a 'yan sahu kaɗan. Bakin tiyo guda, idan aka buɗe shi sosai, yana iya fitar da lita 500 a minti ɗaya. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: minti shida, tanki ya ƙare. Idan an shimfiɗa tiyo biyu, minti uku. A biranen da aka tsara, kowane layi yana da bakin ruwan gobara, mota na isowa sai a jona mata, ruwa ya yi ta zuwa har a gama. A garuruwanmu irin wannan baki ɗai-ɗai ne, wanda ke akwai ma wani an gina shago a kansa, wani yashi ya binne shi, wani kuma da bazara ƙarfin ruwansa bai kai ya cika tanki da wuri ba. Don haka sai mota ta juye abin da ta zo da shi, ta juya neman ƙari, wuta kuwa ba ta jira.

Daga nan ne aka samo maganar nan da ke yawo a kowace kasuwa, daga Maraɗi har Kano: wai 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa. A ganina wannan zalunci ne. Da ruwa suka zo, minti shida ne da shi, sai dai wanda ya iso wurin bayan minti goma bai gan shi ba. An sha jifan motocinsu saboda wannan zargi, alhali wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda ya raba filayen unguwa bai bar hanyar da babbar mota za ta shiga ba, da wanda ya gina kasuwa mai rumfa dubu bai haƙa mata tankin ajiya ko ɗaya ba. Gwanintar direban motar, wanda shi ne kuma mai kula da famfonta, ita ce ya san inda ruwa yake a garin nan kaf: wane tabki ne bai ƙafe ba a watan Maris, wace rijiyar burtsatse ce ke da ƙarfi, wane kamfani ne zai buɗe ƙofa da tsakar dare. Gwanintar mai riƙe bakin tiyo kuwa ita ce rowa. Ba ya feshi a harshen wuta don 'yan kallo su ji daɗi. Gindinta yake nema, ya buɗe, ya rufe, ya matsa, ya sake buɗewa.

Ranar aiki a bariki da kirga take farawa. A jeru, a kira suna, kowa ya san motar da yake ciki da kujerarsa yau. Sai a buɗe akwatunan mota ɗaya bayan ɗaya: tiyo mai faɗin milimita 70 na kawo ruwa, mai 45 na kai farmaki, kowane gunduwa mita 20; bakunan tiyo, gatari, ƙarfen ɓalle ƙofa, igiyoyi, fitilu, almakashin yanka ƙarfen mota, gadon ɗaukar majinyaci. A tayar da inji, a gwada famfo, a duba mai. A duba tukwanen iskar numfashi, waɗanda ake goyawa a baya: 'yar tukunya mai lita 6 ce, an danna mata iska har kusan lita 1,800, amma mutumin da ke hawa da jan tiyo cikin zafi da ƙyar take kai masa rabin awa. Bayan wannan sai atisaye, sai wanke-wanke, sai zama. Zaman nan wani ɓangare ne na aikin. Mai gadi ba ya nisa da takalminsa ko da salla zai yi, kuma sau da yawa a kan bar tuwo a kwano da hannu a ciki.

Idan waya ta buga, mai ɗauka abu kaɗan yake so: me ke ci, a ina, akwai mutum a ciki? Amma mai kira a ruɗe yake, abin da ke bakinsa "gobara, gobara, ku zo!" sai ya kashe. Unguwanninmu kuwa ba lambar gida ake bi ba, kwatance ake yi da masallaci ko bishiya ko gidan wani alhaji. Ga kuma yara da marasa aikin yi da ke buga 18 don wasa, har su toshe layi. A hanya ga amalanke, ga 'yan kabu-kabu, ga wanda ya ji jiniya ya ƙi kaucewa, ga ma wanda zai bi bayan motar a guje don ya riga kowa kallo.

Da an isa, shugaban ayari ne ke fara sauka, ya zagaya wurin da ƙafa kafin a buɗe ko ɗigo. Jama'a kan ɗauka ɓata lokaci yake yi. Yana duba ina iska ta nufa, ina wayar lantarki, akwai gas ko fetur a ciki, wane gini ne zai faɗo, wane ne zai kama nan gaba. Doka ta farko rai: in akwai mutum a ciki, komai ya jira. Ta biyu a tare wuta kada ta tsallaka, kuma wannan ne ke jawo musu zagi, don za ka ga sun juya wa shagon da ke ci baya suna jiƙa na maƙwabcinsa. Sun san wancan ya riga ya tafi, ruwan da ke hannu kuwa bai isa a raba biyu ba. Ana shiga biyu-biyu, ba a shiga ɗaya. Bayan harshen wuta ya kwanta sai aikin da ba mai tsayawa kallonsa: tone tarkace da shebur da manjagara, fitar da buhunan da ke ci ta ciki, jiƙa kowane gungume. Auduga da dusa da ƙunshin atamfa suna iya riƙe wuta a cikinsu har gari ya waye. Sai an tabbata ta mutu ake naɗe tiyo, a koma a cika tanki tun kafin a yi wanka, don wani kiran na iya shigowa.

Gobara ma ba ita ce mafi yawan abin da ke fitar da su ba. Hatsarin mota ne a kan kwalta, inda za su yanka ƙarfe su zaro mutum su kai shi asibiti. Da damina yaran da suka nutse a tabki da kududdufi, da gidajen laka da suka rufta. A 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, kuma jihar Maraɗi na cikin inda aka fi rasa rayuka. Sai rijiya. Ƙasar Agye da Gazawa jigawa ce, rijiyoyinta da zurfi, kuma a can ƙasa iska kan lalace, musamman idan an saukar da injin ban ruwa yana hayaƙi. Mutum ya shiga yasa ya suma, ɗan'uwansa ya bi shi ya suma, na uku ma haka. Ɗan kwana-kwana ba ya shiga sai da tukunyar iska a baya da igiya a ƙugu da mutane a sama riƙe da ita, kuma mafi wuyar aikinsa a bakin rijiya shi ne hana na huɗu sauka.

Sai maganar nisa. Daga Maraɗi zuwa Agye kimanin kilomita 80 ne, Gazawa ta fi haka, kuma ba kowane gari ke da bariki ba. Mota mai tan uku na ruwa a bayanta ba ta gudun ƙaramar mota, in ta sauka daga kwalta kuma yashi ne. Ɗakin kara da rumbun kara cikin 'yan mintoci suke zama toka. Saboda haka a ƙauye, gaskiyar magana, mutanen gari su ne 'yan kwana-kwanan farko, kuma suna da nasu ilimi tun kaka da kakanni: a yi kururuwa, maza su tumɓuke dangar da ke tsakanin gida da gida don wuta ta rasa abin takawa, a watsa ƙasa, mata su yi layi da bokitai daga rijiya, a kwance dabbobi. Ware rumbuna can bayan gari, da tazara tsakaninsu, shi ma dabarar kashe gobara ce ta magabata. Wanda rumbunsa ya ƙone a watan Disamba ya rasa cimakar shekara da irin shuka gaba ɗaya, sai dangi su yi masa karo-karon dami, a zo jaje ana cewa Allah ya mayar da alheri. A arewacin jihar, wajen Dakwaro da Barmo, inda ciyawa ce dukiya, a kan share dogayen layuka cikin daji bayan damina don wutar daji ta iso ta tsaya, ana biyan mutanen karkara ladan aikin.

Kowace sana'a da irin asararta. Maƙeri yana da tabon wuta, masunci yana da wanda ruwa ya ci. Ta ɗan kwana-kwana ita ce yawan isowa inda an riga an yi rashi. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinariya suka rufta kusa da Ɗan Isa, mutum 18 suka mutu. Washegari Litinin, 8 ga wata, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a cikin garin Maraɗi, ta kashe yara 26 'yan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan ta faru a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka tafi. Ajin zana ba ya ba kowa minti shida. Duk saurin mota, abin da ya rage wa wanda ya sauko daga cikinta shi ne ya kashe ragowar, ya ɗauko abin da ya samu, ya lulluɓe, ya fito ta gaban iyaye. Da yawa cikin 'yan kwana-kwanan su ma suna da yara masu waɗannan shekaru, a irin wannan aji. An yi zaman makoki na kwana uku a jihar, gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a ajin zana, a lokacin da ake ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a ƙasar.

Akwai kuma wutar da mutum ke kunnawa da gangan. Gidan Rumji na iyaka da Sabon Birni ta jihar Sakkwato, kuma tun 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Cikin abin da suka baro har da rumbunan da aka cinna wa wuta, don mahara sun san ƙona abinci ya fi harbi tayar da gari. A farkon Disamba 2021, a hanyar Sabon Birni, aka tare motar matafiya aka banka mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda sun ce mutum 23 ne suka mutu. Irin wannan wuri ba motar ruwa da za ta je sai soja ya share hanya, kafin nan kuwa ba sauran abin kashewa.

A birni kuma ta'addanci ya sauya wa sana'ar doka. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 Boko Haram ta tayar da bama-bamai a ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice da na tsaron farin kaya a Kano cikin yammaci guda, aka kashe aƙalla mutum 185. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin birnin, bayan fashewar bam 'yan bindiga suka buɗe wa masu gudu wuta, sama da mutum 100 suka rasu. An horar da ɗan kwana-kwana ya yi sauri, amma a irin wannan rana saurin ne tarko, domin masu dasa bam sun san inda jama'a da masu ceto za su taru bayan ƙara ta farko. Sai ya zama dole ya tsaya daga nesa yana jin ihu har a ce masa ya shiga. Ban san wani umarni da ya fi wannan ɗaci ga mai wannan aiki ba.

Babu inda 'yan wannan sana'a suka yi rashi irin na birnin New York a Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, kuma labarin mutum ɗaya ya isa a gane girmansa. A lokacin Joseph Pfeifer shugaban bataliya ne a hukumar kashe gobara ta birnin. Da safiyar ranar yana kan titi da mutanensa suna binciken warin gas da aka kira su a kai, aiki irin na kullum, tare da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jules Naudet. Da ƙarfe 8:46 jirgin sama ya wuce ta kansu ya soki hasumiyar arewa ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, bene mai hawa 110. Pfeifer ne babban jami'in da ya fara isa, ya kafa wurin ba da umarni a zauren ƙasa. Na'urorin hawa sun lalace, sai matakala. Ayari bayan ayari suna shigowa yana tura su sama, kowa da kayan da suka kai kilo 30 ko fiye, su fito da dubban mutanen da ke ciki. Cikin waɗanda suka zo gabansa har da ƙanensa, Laftanar Kevin Pfeifer, shugaban ayarin mota mai lamba 33. Ya ba shi umarni irin wanda ya ba kowa, Kevin ya juya da mutanensa suka hau.

Da 9:03 jirgi na biyu ya soki hasumiyar kudu, da 9:59 ta rushe. Joseph ya yi kira ta rediyo cewa kowa ya fito daga ta arewa, amma rediyoyin ba su aiki sosai cikin dogon gini, da yawa ba su ji ba. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa sun ga Kevin ya tsaya yana nuna wa wasu ayari matakalar da za ta fitar da su. Da 10:28 hasumiyar arewa ta sauko. 'Yan kwana-kwana 343 suka mutu a wannan safiya, cikin mutum 2,977 da hare-haren ranar suka kashe. Har da babban hafsansu Peter Ganci da limaminsu Mychal Judge. Akwai barikin da ya rasa mutum 15, wato duk masu gadin ranar. Wani tsohon kyaftin, John Vigiano, ya rasa 'ya'yansa biyu, ɗaya ɗan kwana-kwana, ɗaya ɗan sanda. Sai a farkon 2002 aka tono gawar Kevin, ana tonon tarkacen har ƙarshen watan Mayu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Joseph Pfeifer ya yi da wannan rashi. Bai ajiye aiki ba. Ya kafa wa hukumarsu cibiyar shirin tunkarar ta'addanci da bala'o'i, ya shafe shekaru a kan abubuwan da suka ci mutanensa: rediyon da ba ya kai sama, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ba su jin juna, rashin sanin wa ya shiga, wa ya fito. Ya rubuta littafi a kai, Ordinary Heroes, a 2021. Rashin kuma bai tsaya ranar ba. Ƙurar da suka shaƙa wajen tono ta bi su da ciwon huhu da kansa, har a Satumba 2023 adadin ma'aikatan hukumar da cututtukan wurin suka kashe ya kai 343, ya kuma wuce daga baya. Wannan darasi ya shafi wanda ke tsaye cikin hayaƙin leda da katifa da taya a kasuwar Maraɗi da ƙyalle kawai a hanci. Hayaƙi bashi ne, yana iya shekara goma kafin ya zo karɓa.

A Amurka akwai likitocin da ke zama da wanda ya ga abin da ya hana shi barci. A nan yawanci abin da ke akwai shi ne abokan gadi, butar shayi, masallacin bariki, da "sai haƙuri". Ba na raina waɗannan, sun riƙe mutane da yawa. Amma soja ba ya son a ce ya karaya, kuma matarsa ce kaɗai ta san dalilin da ya sa ya daina cin gasasshen nama.

Abin da ake samu fa? Albashin gwamnati ne, gwargwadon muƙami da shekarun aiki, da kaki da takalmi da fansho idan Allah ya kai mutum. Ba a yin arziki da shi, ana dai rufin asiri. Wanda aka kashe wa gobara ko aka fito masa da ɗa daga rijiya ba ya biyan komai. Wasu bayan ritaya sukan samu aikin kula da tsaron wuta a kamfanoni da ma'ajiyar mai, ko su shiga sayar da tukwanen kashe wuta da sake cika su. Tsadar tana wajen kaya. Sabuwar motar kashe gobara a Turai takan haura Yuro 200,000, sama da sefa miliyan 130 ke nan, shi ya sa da dama cikin waɗanda ke yawo a ƙasashenmu tsofaffi ne da aka samu kyauta, kuma ranar da famfonsu ya lalace sai a yi ta jiran kayan gyara daga waje. Kumfa daga waje take zuwa, tana kuma da ranar lalacewa. Tiyo yana fashewa, rigar wuta tana tsufa, tukunyar iska sai da injin cika ta na musamman. Duk wannan a aljihun gwamnati yake, kuma ba a tunawa da shi sai ranar da kasuwa ta kama.

Wani abin kuma ba kuɗi ke gyara shi ba. Daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka fito da jarkoki, ta kama, fiye da 55 suka mutu nan take, wasu suka bi su a asibiti. Ranar 15 ga Oktoba 2024 aka maimaita a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150. Irin waɗannan tankoki ne ke ratsa tsakiyar Gazawa da Agye da Gidan Rumji kullum. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ba a ganinsa, tartsatsin babur ɗaya ya ishe shi.

Kirana ga magadan gari da shugabannin kasuwanni na Gazawa da Agye da Gidan Rumji shi ne kowace babbar kasuwa da tasha a haƙa mata tankin ajiyar ruwa, a bar hanyar da mota za ta shiga, a kuma nemi 'yan kwana-kwana su zo su horar da matasan gari, tunda su ne za su riƙe wuta awa guda kafin jiniya ta iso. Kai kuma mai karatu, idan ta tashi, buga 18 tun kafin ka ɗauki bokiti. Faɗi gari da unguwa da abin da ke ci, kada ka kashe sai an gama tambayarka, sannan ka tura yaro bakin kwalta ya tare motar ya nuna mata lungu. In ka ji jiniya a bayanka, ka kauce. In kuwa tanka ce ta faɗi, ka kama hannun yaranka ku yi nisa, ku nufi inda iska ke fitowa.